Ƙwarangwal Uku da Tsuntsayen Kawu

A katin da yake raba wa mutane an rubuta cewa shi mashawarci ne kan manhajojin kwamfuta, amma a gidansu tun yana saurayi Sai-an-duba ake ce masa, domin ko ruwa aka tambaye shi zai sha, amsar ke nan. Da ya girma sai ya gano akwai kamfanonin da ke neman mutum irinsa ruwa a jallo. Yakan je ofishinsu da jaka a kafaɗa, ya saurari matsalarsu yana gyaɗa kai, ya koma gida ya rubuto musu rahoto mai nuna cewa kowace hanya tana da alherinta tana da sharrinta. Ba shi da shugaba, ba shi da ofis. Ɗakin baƙi na gidansa ya mayar wurin aiki: tebur, allon kwamfuta biyu, gadon da ba baƙon da ya taɓa kwana a kai, da fanka mai karkata wuya gefe guda kamar tana sauraron gulma.

Aikin da ya tsaya masa a wuya kuwa ba na kamfani ba ne. Na Kawu ne, yayan mahaifiyarsa.

Kawu ya koyar da ilimin halittu a jami'a har ya yi ritaya, amma abin da ya cinye ƙuruciyarsa da takalmansa shi ne kukan tsuntsaye. Shekara da shekaru yana fita da rikoda a wuya da makirufo a bakin sanda, ya tsaya a gindin bishiya kamar wanda aka dasa, har sai wani abu mai fiffike ya ga dama ya yi magana. Kaset ya cika kwalaye. Kuma bai taɓa rubuta ko harafi a jikin ɗaya ba. In aka yi masa magana sai ya taɓa kunnensa ya ce ga inda ya rubuta. Daga baya autarsa ta kashe hutunta tana juye kaset ɗin cikin kwamfuta, abin ya zama dubban fayiloli, kowanne da lamba a maimakon suna. A duk duniya mutum ɗaya ne zai ji fayil ya ce wannan tsuntsu kaza ne, namiji ne, neman mata yake ko kashedi yake yi, a bakin wane rafi. Wannan mutum kuwa likita ya gaya masa kunnensa ya kama hanyar tafiya, kuma siraran sautuka ne ke fara yin gaba.

"Abu nake so mai maɓalli uku," in ji Kawu, ranar da ya kira shi. "Ɗaya ya kunna, ɗaya ya koma baya, ɗaya in danna in faɗi sunan tsuntsun da bakina ya ajiye. Jami'a ta ce za ta karɓa in da sunaye. In babu sunaye, hayaniya ce kawai na tara."

"Akwai fa irinsu na kyauta a intanet, Yaya," in ji Auta daga bakin ƙofa.

Sai-an-duba ya dube ta kamar telan da aka nuna wa gwanjo. Ya bayyana mata cewa waɗancan maɓallinsu ya fi na jirgin sama yawa, kwamfutar Kawu kuma tsohuwa ce, gidan ba intanet. Duk gaskiya ya faɗa. Maganar kunne ma ya ji ta sarai, har ya sa ta cikin abubuwan da aikin ke bukata: a yi wurin ƙara murya babba, mai sauƙin kamawa. Haka 'yan sana'arsa suke. In ka gaya musu gidanka na cin wuta, za su tambaye ka wane launi kake so a yi wa ƙararrawar.

Kafin a rubuta manhaja irin wadda ke zaune cikin kwamfuta, sai an zaɓi abin da suke kira firamwok, wato ƙwarangwal ɗin da za a ɗora mata nama a kai. Shi ke ba ka taga da maɓalli da wurin rubutu, kai kuma ka cika sauran. In ka zaɓa ka zaɓa ke nan, canzawa daga baya kamar canza harsashin gida ne bayan an yi rufi. Sai-an-duba ya tace ya tace, ya rage saura uku, kuma da yake ya daɗe yana zama da su sai ya raɗa musu suna.

Akwai Dattijo, wanda ya sani tun yana ɗalibi. Maɓallansa launin toka ne kamar na injin awo a asibiti, ba ya faɗuwa, ba ya tsufa domin tun farko a tsofe aka haife shi, kuma ba wanda ya taɓa samun yabo don ya yi aiki da shi. Akwai Mai Tumbi, wanda ke yawo da burauza, wato manhajar shiga intanet, sukutum a cikinsa. Kowa ya iya shi, abin da aka yi da shi yana da kyau, sai dai kafin ya nuna maka maɓalli ɗaya ya lamushe rabin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sai Ɗan Gayu, sabon yanka, siriri, mai sauri. Masu shi samari ne da ke canza ra'ayi duk wata, har abin da ka rubuta masa jiya yau ya dube shi ya ce bai san shi ba.

Tsarin aikinsa, wanda yake alfahari da shi, shi ne ba ya zaɓa sai ya gina taga iri ɗaya da kowanne. Ya gina. Ya auna wanne ya fi saurin buɗewa, wanne ya fi cin wuri, wanne ke sa kwamfuta zafi. Ya karanta faɗan da mutane ke yi a kansu a intanet, inda wani da bai taɓa gani ba ya rantse Dattijo ya mutu, wani kuma ya amsa cewa tun kafin a yaye mai maganar ake cewa haka. Tambayar da ya sa a gaba ita ce wanne zai kai shekara ashirin.

Bayan abincin rana ne abin ya fi daɗi. Zafi ya sauko, fanka na juyawa a hankali, shi kuma ya jingina da kujera ido rabi a rufe. Sai ya ga manhajar ta girma. Ya gan ta a wani ɗakin karatu mai dogayen tagogi, ɗalibai jere da hedifon a kunne, kowanne ya lumshe ido. Ya gan ta ana fassara ta cikin harsunan da bai san sunansu ba. Taswira ta buɗe a allo, duk inda ka taɓa wani kuka ya tashi, rafi da rafi, kurmi da kurmi, har ɗakin ya cika da fiffike, takardu na tashi, tsattsewa na ratsa tsakanin fitilu. A can ƙasan allon, da ƙananan haruffa masu kunya, ga sunansa. Wani lokaci kuma su ukun ne ke zuwa su zauna a bakin gadon baƙi. Dattijo ya naɗe hannu. Mai Tumbi ya cinye fiye da rabin katifa yana numfashi sama sama. Ɗan Gayu na duba agogo, yana cewa shi fa sati mai zuwa ba lallai a same shi a yadda yake ba. Sai-an-duba ya yi ta yi musu tambayoyi cikin ladabi, su kuma kowa ya ba da amsar da ke sa a ƙara jinkiri.

A irin wannan hali matarsa ke samunsa in ta dawo daga asibitin da take aikin jinya.

"Injiniya, an gama?"

"An kusa. Na rage su saura uku."

"Wancan watan ma uku ne."

"Wancan watan uku ne da ban fahimta ba. Yanzu uku ne da na fahimta."

Ta ajiye jaka ta leƙa allon. Taga uku a jere, kowacce da maɓalli uku. "Ni dai duk ɗaya nake gani."

"Wannan gefensa a zagaye yake."

"To Allah ya bar mana zagaye. Mu a wurinmu in aka tsaya zaɓen allura haka, sai dai a yi wa majinyacin wankan gawa."

Bai ji haushi ba. Ya san mutanen da ba sa cikin sana'ar ba sa ganin zurfin abin. Ya kuma san Kawu mutum ne mai haƙuri, wanda ya taɓa yin wuni guda a cikin ruwa har gwiwa yana jiran wani tsuntsu ya buɗe baki.

Damina ta zo ta wuce. Ɗan Gayu ya fito da sabon salo, dole aka sake aunawa daga farko. Mai Tumbi ya yi alkawarin rage ƙiba. Wani kamfanin sufuri ya kira Sai-an-duba ya ba su shawara kan irin wannan matsala, ya warware musu ita a zama ɗaya, domin zaɓar wa wani abu ne mai sauƙi. Ranar da ya dawo daga can ne ya ga ya kamata Kawu ya ga inda aka kwana, ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi da la'asar.

Ya same shi a baranda ta bayan gida, inda lambu yake. Lambun ba wani babba ba ne, bishiyoyi kaɗan ne da shingen furanni da kwanon ruwa a kan kututture, amma Kawu ya shuka komai ne don baƙinsa masu fiffike. A wannan la'asar wurin kamar kasuwa. Ƙananan tsuntsaye masu shan furanni sun cika shingen, suna wata siririyar tsuwwa mai shiga har cikin haƙori.

"Malam Sai-an-duba. An duba?"

"An duba, Kawu. Na kawo ka gani."

Ya buɗe tagogin uku, ya yi bayani. Ya yi maganar shekara ashirin, ya yi maganar ɗalibai da taswira. Kawu na kallon bakinsa, ba allon ba, yana gyaɗa kai.

"Duk sun yi kyau. Ina tsuntsun?"

"Ba a sa sauti ba tukuna. Sai an tsai da ƙwarangwal."

"To." Kawu ya gyara zama ya dubi lambun. "Ba komai, ɗan nan. Ai ko tsuntsayen ma ba sa sauri bana. Ka ga tun da aka yi ginin nan na baya ƙananan suka ƙaurace mini. Zuwa suke su sha ruwa su tafi, ba mai cewa uffan. Kurciya kaɗai ta riƙe zumunci."

Sai-an-duba ya dubi shingen. Wani ɗan tsuntsu mai ƙirji kamar an shafa masa mai yana kan reshe, bai fi taku uku daga kujerar Kawu ba, baki buɗe, maƙogwaro na rawa, yana zuba kuka iyakar ƙarfinsa. Kawu na kallonsa da murmushin wanda aka yi wa rowa ya yafe.

Sai-an-duba ya kau da kai daga shingen. Ya rufe kwamfutar a hankali.

Auta ta raka shi bakin ƙofa. "Ka ji ko?"

"Na ji."

"Shi bai ji ba. Watan jiya yana jin waɗannan. Ban gaya masa ba, ban san ta inda zan fara ba." Ta riƙe ƙyauren. "Yaya, kai fa shekara ashirin kake ta lissafi. Wa ya ce maka ana neman shekara ashirin?"

"Ai don kada a zo daga baya..."

"Ai bayan da kake faɗa ya riga ya zo. Ga shi can a baranda yana shan shayi."

A hanyar gida ya ga garin kamar an rage masa murya. Motoci na wucewa, masu shago na sauke ƙofofi, wata mata na yi wa ɗanta faɗa a bakin titi, shi kuma yana ta ƙoƙarin raba sautukan, yana cire sirara ɗaya bayan ɗaya don ya ji abin da zai rage. Ƙarar birki ta tafi, kiɗan makullai a aljihunsa ya tafi, dariyar yara ta koma kamar daga cikin rijiya. Abin da ya rage gurnani ne kawai, mai laushi, irin wanda mutum zai iya zama a cikinsa shekaru yana zaton duniya ce ta yi hankali.

Washegari da safe ya goge taga biyu. Bai yi musu sallama ba. Ya buɗe Dattijo, sai ya tarar yatsunsa sun tuna abin da kansa ya manta, kamar mai komawa tsohon gidansu yana kai hannu inda makunnin fitila yake. Bai auna komai ba. Bai zagaye gefen komai ba. Matarsa ta leƙo da rana ta ga wata taga launin toka da maɓallai uku manya manya kamar bulo.

"Wannan kuma na huɗu ne?"

"A'a, shi ne wanda na zaɓa."

"Kai, amma mummuna ne."

"Yana kuka dai." Ya danna, ɗakin ya cika da kukan wani tsuntsu da ya mutu tun kafin su yi aure. Ta tsaya da kofi a hannu har ya ƙare.

Kafin mako ya fita ya koma gidan Kawu. Tsohuwar kwamfutar ta karɓi Dattijo ba gardama, kamar sa'annin juna biyu da suka haɗu a layin asibiti. Aka kawo tebur baranda, Auta ta sa wa mahaifinta hedifon, Sai-an-duba ya haɗa ƙaramar lasifika don su ma su ji. Kawu ya danna na farko.

Murya mai kauri ta fito, sau uku, ta tsaya. Kawu ya lumshe ido. Ya danna maɓalli na uku ya faɗi sunan, da Hausa da kuma na littafi, ya ƙara da cewa mace ce, a bakin wata fadama, da hantsi, kuma ranar ƙaya ta tsaga masa wando. Na biyu mujiya ce. Na uku hankaka ne da ya shiga gaban makirufo ba a gayyace shi ba, Kawu ya zage shi da suna kamar jiya abin ya faru. Suna tafiya haka, fayil bayan fayil, fuskarsa na sauyawa da kowanne, wani ya sa shi dariya, wani ya sa ya ce a nan marigayiya matarsa ta raka shi, ta yi ta tari tana ɓata masa naɗi. Rana ta karkata, inuwar bishiya ta hau teburin. Sai-an-duba ya ga kamar barandar ta saki gidan tana tafiya da su a hankali, daga rafi zuwa rafi.

Sai aka zo kan wani fayil. Daga lasifika wani siririn sauti ya fito, kamar ana jan zaren ƙarfe, ya hau, ya karye gida uku, ya sake hawa. Kawu na zaune ido rufe, yana jira.

"Ya fara?"

Auta ta dubi ƙasa. Sai-an-duba ya kai hannu ga wurin ƙara murya, wanda ya yi babba mai sauƙin kamawa, ya kai shi ƙarshe. Lasifikar har rawa take. Kawu ya buɗe ido ya dubi allon, inda ɗan layi ke tafiya yana nuna ana cikin kuka. Ya dubi shingen furanni, ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire hedifon ya ajiye a cinya.

"Ashe ba ƙaura suka yi ba."



"Ana iya saukar da sautin," in ji Sai-an-duba. "A mai da shi ƙasa inda kunne zai kama. Zan rubuta, gobe ma in Allah ya so. Sai dai muryar za ta canza, zai yi kamar babban tsuntsu."

"Gobe ka yi. Yau fa?" Kawu ya juyo da kujerarsa. "Kai kana jinsa?"

"Ina ji."

"To yi mini."

"Kawu?"

"Da bakinka. Yadda ya yi, haka za ka yi. Kada ka gyara masa, kada ka ba shi shawara."

Sai-an-duba ya dubi Auta, ta kau da kai tana cizon leɓe. Mutum ne mai furfura a gemu, da riga mai guga, wanda manyan kamfanoni ke yi wa tanadin kujera. Ya danna maɓallin komawa baya, ya saurara. Ya tsuke baki, iska kawai ta fito. Ya sake. A karo na uku wani abu ya fito mai kama da kukan ƙofar da ba ta ga mai ba.

"Wannan ba tsuntsu ba ne, kura ce mai mura," in ji Kawu. "Bar fito, ba ka iya ba. Yi da murya. Sau nawa ya karye?"

"Uku."

"Na ƙarshen ya hau ko ya sauka?"

Ya sake saurara. "Ya hau. Tsiii, tsi tsi tsi, tsiii."

"Tsakanin na biyu da na uku akwai ɗan jinkiri?"

"Akwai."

"Sake yi, da jinkirin."

Ya sake, da jinkirin, har yana ɗaga haɓa ba tare da ya sani ba. Auta ta shige cikin gida da sauri, ana jin dariyarta daga kicin. Kawu ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi, yatsansa na bin kukan a iska. Can ya miƙa hannu ya danna maɓalli na uku, ya faɗi sunan a hankali, ya ce namiji ne, ƙarami, shekararsa ta farko, bai gama koyon waƙar ba.

"Shi ko ni?" in ji Sai-an-duba.

"Ku duka. Danna na gaba."

Na gaba ya fi wancan siranta, kuma ya fi tsawo. Sai-an-duba ya saurara har ƙarshe, ya sha ruwa, ya gyara murya.